Ba Hanyar Rijau Ce Ta Kashe Shi Ba

Wata huɗu ke nan da muka binne mijina Ishaya, wanda duk tashar babura ta sani da Baban Talatu. Tun daga ranar na ji magana iri uku a kan mutuwarsa. Wasu sun ce keke ne, wai me ya kai mai furfura hawan duwatsu da ɗan wando kamar yaro. Wasu sun ce wani abu ya tsallake a hanyar Rijau. Ta ukun ba a faɗa a gabana, amma ta iso kunnena: wai abokinsa Malam Buba ne. Ni na yi jinyarsa daga ranar farko har ta ƙarshe. Karatuna bai wuce firamare ba, Hausar ma a kasuwa da coci na ƙarasa koyonta, domin mu mutanen Dukku ne ta wajen Rijau, muna da harshenmu. Amma zan rubuta abin da idona ya gani, don mai keke ya ji, matar mai keke ma ta ji.

Makanikin babura ne. Shekara shida da suka wuce wani ya kawo masa gyaran keken tsere ɗan Kwatano, mai siririyar taya, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ya gyara, ya hau don ya gwada, da ya dawo sai ya ce wa mai shi ya faɗi kuɗinsa. Daga nan kowace Asabar, da an fito sallar asuba, mutum uku suke tsayawa a ƙofar gidanmu: Malam Buba, Bafulatani mai sayar da maganin shanu, da wani malamin makaranta, da wani tela. Su huɗu su kama hanyar Rijau, su dawo kafin rana ta take tsaka.

Hanyar ta yi shiru a shekarun nan. Motoci sun ragu saboda tsoron 'yan bindiga. Kowace Juma'a da yamma sai sun tambayi 'yan acaɓa, in aka ce lafiya su tafi, in aka yi shiru su haƙura. Na sha yi masa faɗa. Amsarsa ɗaya ce: “In kowa ya bar hanya, an bar musu ke nan.”

In ya dawo, ina kan injin niƙana, sai ya jawo kujera ya fara ba ni labarin hanya, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Kwalbati ta farko. Kukar da aradu ta tsaga. Rugar da suke shan kindirmo. Burtalin da shanu ke tsallaka kwalta. Sannan doguwar hawa da suka sa wa suna Hawan Tuba, wai a kanta mutum ke tuba daga duk abin da ya ci a mako. Ya ce daga samanta ana hango duwatsun da suka yi wajen gida, Dukku. Da kunne ɗaya nake saurare. Yanzu ina cizon yatsa a kan ɗaya kunnen.

A farkon damina ne ya faɗi. Suna gangarowa, shanu suka fito daga burtali, ya matse birki, taya ta zame a kan yashi da kashin shanu. Haƙoran farantin sarƙa suka shige masa sha-raɓa. Raunin ba shi da faɗi, zurfi gare shi.

Ga inda nake so a saurara. A ƙarƙashin sirdinsa akwai 'yar jaka, a ciki akwai faci da sifana da wata 'yar kwalba ta man birki. Keken ba ya shan man birki. Na rauni ne. Duk makanikin da na sani a garin nan, in ƙarfe ya yanke shi, abin da yake zubawa ke nan, ya yi tsalle don zafi, jini ya tsaya, ya koma aiki. Ishaya da kansa ya miƙa wa Malam Buba kwalbar, Malam Buba ya zuba, suka ɗaure da robar tub, ya tuƙo kekensa har gida.

Yana shigowa yana dariya. “Maman Talatu, zo ki ga hatimin da hanya ta buga mini.”

Na duba na ce, “Wannan na asibiti ne.”

“Shekara talatin ina zuba abin nan. Ƙirga yatsuna, akwai wanda ya ɓata?”

Kwana uku, safe da yamma, da hannuna na riƙa zuba masa. A rubuta wannan ma.

Makon farko babu abin da ya faru sai alheri. Bakin raunin ya haɗe, ya bushe. Yana nuna wa mutane a tasha, yana cewa maganin makanikai ya fi na likita. Ranar kwana takwas muna cin tuwo da rana, na ga yana ɗiban loma ƙanana kamar mai jin kunya. Ya ce muƙamuƙinsa ne ya yi nauyi. Na je kemis na yi bayani, yaron kemis ya ce haƙori ne, ya ba ni ƙwayoyi. Ban ambaci rauni ba, shi ma bai tambaya ba. Wa zai haɗa ƙafa da baki?

Kwana biyu bayan haka wuyansa ya sandare, bakinsa ya ja gefe da gefe kamar mai murmushi, alhali idonsa ba ya murmushi. Yayansa, Yaya Audu, ya zo daga Dukku da ƙunshin saiwoyi, ya ce iskar dutse ce, a yi hayaƙi. Ina hura garwashi iska ta bugo ƙofar langa-langa. Ƙarar nan kaɗai ta ɗaga shi daga katifa. Bayansa ya gantsare, ƙeyarsa da dugadugansa ne kawai a ƙasa, haƙora a datse, gumi na zuba. Da ya lafa, sai ya yi mini magana ta tsakanin haƙora, da Dukanci, harshen da ba ya yi sai abu ya kai masa. Ya ce in kai shi asibiti.

Na ajiye garwashin. Yaya Audu ya ce, “Ba ki bari magani ya shiga ba.” Na ce ya biyo mu da shi.

A keke mai ƙafa uku muka tafi, kowane rami a titi sai ya gantsare. A asibiti layin kati ya kai bakin baranda. Na tsaya a layi, na bar shi kwance a benci. Wata nas mai tsohon ciki ta zo wucewa, ta kalli fuskarsa, ta tsaya cak. Ta ce, “Na wa ne wannan?” Na ɗaga hannu. Ta ce, “Bar layin nan, kati ya same mu a ciki.” Ban san sunanta ba har yau. Allah ya san shi, ya sauke ta lafiya.

Likitan da ya duba shi yaro ne, da wuya in ya girmi 'yarmu Talatu. Tambayarsa ta farko, “Ya ji rauni kwanan nan?” Na ce ya ji amma ya warke. Ya duba tabon, ya danna gefensa. Sannan ya ce sunan ciwon sarƙe-haƙora. Ƙwayarsa a ƙasa take, musamman inda dabbobi ke kashi. In ta shiga rauni mai zurfi aka rufe ta a ciki, a nan take jin daɗi. Man birki ba ya kashe ta. Abin da ake so shi ne a wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, a je a yi allura a ranar. Ya tambaye ni ko an taɓa yi wa maigidan rigakafinta. Na ce ban sani ba. Ya ce, “Ke an yi miki a awon ciki. Maza ne ba mai kama su.”

Sai ya faɗi maganar da ta zauna mini: “Mama, daga yau maƙiyansa uku ne. Ƙara, haske, da taɓawa. Ki tsare masa ƙofa.”

Suka kwashe kaya daga wani ɗan ɗaki a ƙarshen ɗakin maza, suka rufe taga da bargo. Aka buɗe raunin aka wanke, aka sa masa ƙarin ruwa da allurar da ke kwantar da jijiya. Babbar allurar da ake buƙata babu ita a asibitin, babu ita a kemis ɗin garin da muka zaga. Malam Buba ya rufe shagonsa ya shiga motar Minna, washegari ya dawo da ita a cikin kular ƙanƙara irin ta maganin shanu. Ban manta wannan ba. Ban kuma manta cewa janareto a bayan tagar ɗakin yake ba. Duk lokacin da aka tayar da shi sai mijina ya gantsare. Na roƙi mai kula da shi ya riƙa leƙowa ya faɗa mana tukuna, don nas ta shirya allura. Wata rana ya tuna, wata rana ya manta.

Abin da ya fi janareto wuya shi ne 'yan dubiya. Mu a wajenmu, in mutum ya kwanta ba ka je ba, ka yanke zumunci. Ranar Lahadi bayan sujada matan zumunta na cocinmu suka zo, da ankonsu, da tulun kiɗa da kacau-kacau. Ni ma ina cikinsu shekara ashirin, na yi wa marasa lafiya da yawa waƙar dubiya. Ina ciki ina goge masa gumi na ji sun ɗauka a bakin ƙofa. Kafin su kai ƙarshen baiti ya gantsare har gadon ya motsa, ya datse harshensa, jini ya biyo gefen bakinsa.

Na fita na riƙe bakin tulun da hannuna.

Shugabarmu, wadda ta yi mini tsayuwar aure, ta ce, “Rahila, addu'a za ki kora?”

Na ce, “Ku yi a zuci, Mama. Allah ba kurma ba ne.”

Suka tafi ba su yi mini sallama ba. Daga ranar na jawo benci na zauna a bakin ƙofar. Na mayar da makanikai, na mayar da dattawan coci, na mayar da dangina da suka biya kuɗin mota daga ƙauye. Wanda ya kawo abinci na karɓa na gode, wanda ya kawo shawara na saurara. An ce in shafa masa man shanu a muƙamuƙi. An ce in sa cokali in ɓamɓare haƙoran. An ce in ɗauke shi in kai wa wani mai magani a Beri. Kowa na ce masa to, ban motsa daga bencin ba.

Yaya Audu ya zo zai wuce ni. Na miƙe.

“Ke za ki hana ni ganin ƙanena? Da aure kika shigo gidan nan.”

“Da aure na shigo, Yaya, amma ni aka ba ƙofa. Ka cire takalmi, ka kashe waya, kada ka taɓa shi, kada ka kira sunansa. In ka yarda, bismilla.”

Ya ce shi ba a gindaya masa sharaɗi a kan jininsa. Ya koma gindin bishiya ya zauna. Daga can yake gani kullum da hantsi Malam Buba na cire takalmi a bakin ƙofa ina matsa masa ya shiga. Nan maganar zargin Malam Buba ta samo tushe.

Ga dalilin da ya sa nake barinsa. Mai wannan ciwon hankalinsa ƙalau yake, yana jin komai, magana ce ba ya iyawa. Malam Buba yakan zauna a ƙasa kusa da kansa, ba ya gaishe shi, ba ya ce masa sannu. Cikin raɗa, a hankali kamar mai lallashin saniya, sai ya fara: “Mun fita gari, Ishaya. Ba mota ko ɗaya. Ga kwalbati. Tela ya fara haki tun yanzu, ka san shi. Ga kuka, ciyawa ta fito a gindinta. Inna mai kindirmo ta hango mu daga ruga, ta ce tsofaffin yaran nan sun iso.” Ina kallon yatsun mijina a kan zanen gado, biyu daga cikinsu suna motsi kaɗan kamar a kan birki. Numfashinsa ya daidaita. Nas ɗin ma ta lura, ta ce a bar shi ya riƙa zuwa.

Kullum in sun kai rabin Hawan Tuba sai Malam Buba ya ce, “Mu sauka a nan mu huta. Samanta sai ka tashi.” Bai taɓa kai shi sama ba.

A ƙarshen makonmu na farko a asibiti abin hannunmu ya ƙare. Yaya Audu ya aiko a ce mini a sayar da keken, tunda shi ya jawo, shi ya biya. Na shiga na raɗa wa mai shi. Mun yi da shi cewa yatsa ɗaya na nufin i, biyu a'a. Ya ɗaga biyu, ya riƙe su a sama. Injin niƙana na sayar.

A mako na biyu ya yi kwana biyu da sauƙi. Gantsarewar ta ragu, ana ba shi kunu ta robar hanci yana zama. Talatu ta zo daga gidan mijinta, ta zauna kusa da shi ba magana, ya bi ta da ido. Na fara tunanin irin tuwon da zan tuƙa masa mai laushi. Sai ƙirji ya kama. Likita ya kira ni baranda ya ce abin da ya rage injin numfashi ne, ba su da shi, inda yake kuma da nisa, ramukan hanya ba za su bar shi ya isa ba. Bai ɓoye mini ba, na gode masa a kan haka. Amma zan tambaya, ko ba mai amsawa: gari kamar wannan, da kasuwarsa da tashoshinsa, a ce mutum ya rasa abin da zai riƙe masa numfashi na 'yan kwanaki?

Ranar Alhamis da hantsi ya tafi. Ina riƙe da gefen zanen gado, domin an hana ni taɓa shi. Da nas ta ce ya cika, sannan na kama hannunsa. Kwana goma sha biyu ban taɓa hannun ba sai don goge gumi.

Bayan kwana bakwai dangi suka zauna a tsakar gida, da dattawan coci da wasu makanikai. Yaya Audu ya ce abu biyu. A fitar da keken daga gidan, a ƙona shi ko a jefa a rafi. Kuma mutumin da ya zuba wa ƙanensa abu a ƙafa, wanda aka riƙa shigar da shi ɗaki ana hana 'yan'uwa, kada ya sake taka ƙofar nan. Bai faɗi suna ba. A irin zamanin da muke ciki, kowa ya san inda magana irin wannan ke kai Bafulatani.

Ba a ba mace magana a irin wannan zaman. Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe jakar sirdi, na fito da kwalbar na dire ta a tsakiyar tabarma.

Na ce, “Ga abin da aka zuba. Nasa ne, daga shagonsa. Malam Buba ya zuba sau ɗaya a hanya, ni na zuba sau shida a ɗakin can. In kora za a yi, da ni za a fara.”

Yaya Audu ya ce, “Zauna, Rahila.”

“Na zauna kwana goma sha biyu, Yaya, ya isa.” Na juya wajen makanikan. “Ku kuma, wane ne a cikinku ba shi da irin wannan a aljihu ko a akwatin sifana? Wane ne aka taɓa yi wa allurar?”

Wani dattijo a cikinsu ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya bar shi a can.

Na ce keken ba ya fita, Malam Buba kuma ƙofar nan tasa ce. Yaya Audu ya kakkaɓe rigarsa ya tafi tasha ko ruwa bai sha ba. Har yau in na aika masa gaisuwa ba ta dawowa. Matan zumunta sun dawo mini, ban da mutum biyu. Ban yi nadama ba.

Wata biyu ba wanda ya hau hanyar Rijau. Tela ya rataye kekensa, malamin makaranta ya ce matarsa ta hana. Na aika musu su zo ranar Asabar, kowa da katin allurarsa a hannu, wanda ba shi da shi kada ya zo. Suka zo su uku, suna tsaye kamar masu gaisuwar mutuwa. Na duba katunan ɗaya bayan ɗaya. Sannan na turo keken.

Malam Buba ya ce, “Maman Talatu, wa zai hau?”

Na ce, “Sauke mini sirdin.”

Ina budurwa a Dukku da keken babana nake kai dawa kasuwa. Ƙafa ba ta mantuwa, sai dai wannan ba shi da nauyi, kamar zai kuɓuce daga ƙarƙashina. Na sa wandon Ishaya a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗora hular kwanonsa a kan ɗankwali. A bakin tasha wani ɗan acaɓa ya yi ihu, “Mama, takaba ce ta koma tsere?” Tela ya ce masa ya je ya wanke fuska tukuna. Ni ban juya ba.

Duk abin da mijina ya riƙa faɗa mini ina kan inji na same shi a wurinsa. Kwalbati. Kukar da ta tsage. Tsohuwar ruga ta ba ni kindirmo ta ƙi karɓar komai, ta ce mijina ne kaɗai ke wanke mata ƙwarya in ya gama sha. A burtali na tsaya na duba. Yashi ne da sawun shanu, babu komai bayan haka.

Hawan Tuba ta sauke ni sau biyu. Na tura da ƙafa, na sake hawa, ƙirjina kamar ana hura wuta. A rabin hawan Malam Buba ya rage gudu ya kalle ni. Na girgiza kai.

Da muka kai sama iska ta buge ni. Ga duwatsun can, shuɗi-shuɗi, layi bayan layi har wajen gida, ga gero ya yi kore a ƙasa, ga kwalta ta miƙe ba kowa a kanta. Muka tsaya. Can Malam Buba ya cire hularsa, ya ce a hankali, da muryar nan ta ɗakin asibiti, “Mun iso, Ishaya.”

To, mai karatu, in ƙarfe ya huda ka, ko ƙaya, ko fartanya, ka wanke da ruwa da sabulu, ka je a yi maka allura a ranar, ko da raunin bai kai ƙwayar gero ba. In ka ga naka ya kasa buɗe baki, ka tuna raunin da ya warke ka faɗa wa likita. In an ba ki ƙofa, ki tsare ta, ko wa zai yi fushi.

Jakar sirdin tana nan. Akwai faci, akwai sifana, inda kwalbar take kuma na sa sabulu. Jiya Juma'a na tambayi 'yan acaɓa, sun ce hanya lafiya.